Kun Tuna Da Shaihu, Kun Manta Da Uwarsa

 Yau ba labarin farashin hatsi na zo da shi ba, ba kuma na hanya ba. Faɗa na zo yi, kuma da mutanen da nake jin kunya zan yi shi. Wanda maganata ta taɓa ya yi haƙuri, amma don Allah ya saurara har ƙarshe kafin ya danna ya aiko mini da martani.

Duk wanda ke cikin gurup ɗinmu ya san abin da ya faru kwana goman nan. Wani yaro cikin masu zuwa Katsina sayo kaya ya dawo da tsohon fim ɗin Shaihu Umar a salularsa. Ya ba mai caji, mai caji ya ba duniya. Daren Alhamis muka ɗora tele bisa benci a fadarmu, aka ja waya daga batir, mutane suka taru har tabarmi suka kasa. Ni na zaci godiya za a yi wa yaron nan. Ina! Tun wannan dare saƙonnin murya suka fara sauka kamar ruwan Agusta, har yanzu ba su ɗauke ba.

Na samari mai sauƙi ne. Wai fim ba waƙa, ba rawa, ba soyayya, mutum ya hau raƙumi sai ka sha shayi zagaye biyu bai sauka ba. Gaskiyarku ƙannena. Fim ɗin minti 142 ne, kuma tafiyarsa tafiyar ayari ce. Wanda ya tashi da fassarar Indiya da bidiyon minti guda dole ya ƙosa. Ba ni da rigima da ku, ku je ku dawo in kun kai arba'in.

Rigimata da manyanmu ce, masoyan littafin, don su suka fi kowa zafi. Wani babanmu, tsohon mushen lakwal wanda ya koya wa rabin garin nan riƙe alkalami, ni ma ciki, ya yi magana ta minti goma sha ɗaya bai sha ruwa ba. Ya ce Shaihu Umar littafin natsuwa ne, littafin tawakkali da neman ilimi, wanda ya karanta shi zuciyarsa sai ta yi sanyi. Ya ce fim ya mai da shi baje kolin igiya da kuka. Ya ce an nuna Hausawa Musulmi suna kama mutane suna sayarwa, kuma wannan zubar da mutunci ne. Ya ce ai ba banza ba Turawa suka kashe kuɗinsu suka gyara shi, so suke su kunyata mu. Ya rufe da cewa kada a sake nuna wa yara. Wasu dattawa uku huɗu suka mara masa baya, ɗaya har da cewa a goge shi daga salula.

Baba, da girmanka da komai, kuma ka san ba na haɗa ido da kai, amma wannan karon ba ka faɗi daidai ba.

Mu fara da zancen Turawa, don shi ya fi saurin karɓuwa a kunne. Wanda ya shirya fim ɗin sunansa Adamu Halilu, ɗan arewacin Najeriya, a shekarar 1976, da kuɗin hukumar fim ta gwamnatin ƙasarsu. Wanda ya fito a matsayin Shaihu shi ne Umaru Ladan, wanda tun kafin nan shi da Dexter Lyndersay suka mai da littafin wasan kwaikwayo na dandamali. Da Hausa aka yi shi, Hausawa suka yi shi. Abin da ya faru bayan nan shi ne abin kunyar, in kunya ake nema: fim ɗin ya ɓace. Shekara wajen arba'in ana jin sunansa ba a ganinsa, har aka ɗauka ya tafi ke nan. Sai a 2016 aka tarar da faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, cikin ƙura. Wata cibiya a Balin ta ƙasar Jamus mai suna Arsenal, ba ta ƙwallo ba, ita ta wanke shi ta mai da shi na zamani, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Ba su ƙara igiya ko ɗaya ba. Wanki suka yi. In ka bar rigarka shekara arba'in a rumbu, maƙwabci ya ɗauko ya wanke, ka ga tabo a jikinta, ba shi ya ɗinka tabon ba.

To wa ya ɗinka? Nan nake so mu zauna.

Da rigima ta yi zafi na yi tambaya ɗaya a gurup: cikin masu cewa an ɓata littafi, wa ke da littafin a gidansa, ya ɗauko hoton bangon ya turo? Shiru. Wani ya ce gara ta ci nasa. Wani ya ce an ara tun zamanin Kunce ba a maido ba. Wani ya ce shi a rediyo ya ji ana karantawa yana yaro. Ban faɗi haka don in ci mutuncin kowa ba, ni ma nawa sai da na kwashe akwatin tsohuwata kafin na same shi, wanda kawuna ya sayo mini a Katsina ina ɗan shekara goma sha biyu, bango ya tafi, shafi na farko ya tafi. Ɗan ƙaramin littafi ne, tsakanin magariba da tsakar dare na gama shi. Kuma wallahi na tashi jikina a mace, don ni ma irin tunanin Baba nake ɗauke da shi shekara talatin. Ni ma abin da na riƙe shi ne wani malami mai sanyin hali a garin Rauta kusa da Bauci, almajirai kewaye da shi, yana ba su labarin yadda Allah ya ɗaukaka shi.

Bari in tuna muku abin da ke ciki, da bakina ba da na marubucin ba.

An haifi Umar a Kagara. Ubansa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, bafaden sarki. Mi ya fara tarwatsa gidan nan? Hari. Sarki ya aika fadawansa su je su kamo bayi a ƙasar Gwari, Makau na cikinsu. Ku lura, mutumin kirkin labarin, mijin uwa mai amana, da shi aka je kamun mutane, kuma ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai. Da aka dawo ƴan uwansa fadawa, saboda hassada, suka kai shi gaban sarki da sharrin ya ɓoye bayi. Aka kore shi daga gari, ya je ya zauna wajen Maƙarfi. Uwar ta ce bari ta je Fatika ta gano iyayenta kafin ta bi mijinta, ta bar yaron hannun amana. Kafin ta dawo wani ya sace shi. Kura ta cinye ɓarawon a daji, wasu bayin Allah manoma suka tsinci yaron suka riƙe, sai mahara suka faɗa wa ƙauyensu suka kwashe. Aka kai shi Kano hannun Gumuzu, daga nan ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya haye Sahara da shi zuwa Ber Kufa a ƙasar Masar, ya mai da shi ɗa, ya sa shi makaranta, har ya zama malami.

Wannan rabin kowa ya riƙe. Ga ɗaya rabin.

Uwar ta dawo ba ɗa. Ba ta zauna ta ce haka Allah ya so ba. Ta ɗaura zane ta bi sawu, gari gari, har Kano. Can aka gaya mata an yi arewa da shi. Wani ya ce zai kai ta inda ɗanta yake, ta yarda, ta bi shi ta haye hamada. A Murzuk gaskiya ta bayyana, ba kai ta zai yi ba. Ta kai ƙara gaban alƙali, ɗiya ce ba baiwa ba, amma shari'a ba ta cece ta ba. Aka sayar da ita, aka kai ta Tarabulus, ta sha wuya shekara da shekaru. Shi kuwa Umar sai da ya girma, ya zama abin da ya zama, sannan ya yi mafarkinta ya tashi nema. Ya same ta a Tarabulus ta riga ta ƙare. Sun ga juna, ba ta jima ba ta rasu. A hanyar dawowa guguwar rairayi ta binne ayarinsu, shi ya tsira, ya zo ya zauna Rauta.

Yanzu Baba ka gaya mini, wace igiya ce Adamu Halilu ya sayo a kasuwa ya ƙara? Hari na ciki. Satar yaro na ciki. Cinikin mutum na ciki, sau nawa ma. Alƙalin da ya kasa tsaya wa mace na ciki. Wanda ya rubuta kuma ba Bature ba ne, ba maƙiyin Musulunci ba ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, yana malamin makaranta a Bauci, bai fi shekara 22 ba, lokacin da Rupert East na hukumar fassara a Zariya ya sa gasar rubuta labarai a 1933. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Su sun ba mutane dariya da jarunta. Shi yaron Bauci ya zaɓi ya rubuta abin da tsofaffin zamaninsa suka gani da idonsu, don a 1933 waɗanda aka taɓa sa wa igiya suna nan da ransu a kasuwa, waɗanda suka sa musu ma suna nan.

To yaya aka yi dukanmu muka manta? Ni ga abin da na gano, kuma shi ne kaɗai wurin da zan ba masoyan littafi gaskiya. A littafi, duk abin nan ta bakin Shaihu kake jin sa. Tsoho ne, ya riga ya tsira, ya riga ya yafe, yana zaune bisa buzu yana magana a hankali. Muryarsa kamar hannun uwa ce bisa idon yaro lokacin da ake yanka. Ka san ana yi, amma ba ka gani ba. Kana karantawa kana da tabbacin mai ba da labarin bai mutu ba, tunda ga shi yana magana. Fim kuwa ba shi da wannan hannun. Da zarar labari ya koma baya, murya ta janye, sai ido. In an ce an kama mutane dole a nemo mutane a ɗaure, su yi tafiya gabanka, da ƙafafunsu da fuskokinsu, kuma fuskokin irin namu ne. In an ce uwa ta yi nema dole ka ga mace tana tafiya cikin rana. Wannan sanyin murya fim ya rasa shi a wurare da yawa, na yarda, kuma asara ce, don cikin muryar nan hikimar littafin take. Wanda ya ce shi ya fi son karatu da kallo, ban ga laifinsa ba, ni ma haka nake. Amma rashin murya daban, ƙarya daban. Fim bai yi wa littafi ƙarya ba. Hannu ya ɗauke daga idonmu, mu kuma muka ji haushin wanda ya ɗauke.

Akwai wani ƙanenmu da ke karatu a jami'ar Maradi, shi ta ɗaya gefen ya ɓullo. Ya ce littafin da fim ɗin duk jirgi ɗaya ya kwaso su, wanke bauta suke. Ya ce dubi Abdulkarim, mai sayen mutane, an mai da shi uba nagari. Dubi Umar, an sayar da shi kamar akuya amma darasin wai shi ne bauta ta kai shi ga ilimi. Ya ce wannan maganin barci ne ake ba talaka. Maganarsa tana da nauyi, kada dattawa su yi saurin cewa yaro ya yi boko ya lalace. Gaskiya ne Tafawa Ɓalewa bai tsaya ko sau ɗaya ya ɗaga murya ya la'anci cinikin ba. Gaskiya ne kirkin Abdulkarim bai hana shi zama ɗan kasuwar da ya zo Kano lokacin da mutum haja ne ba.

Amma ƙanena, kai ma rabin ka karanta, rabin Baba, sai dai kai haushinsa ka ji shi kuwa daɗinsa. In da marubucin wanke bauta ya so yi, mi ya kai shi sa uwar a hanya? Ai da ya bar ta a Fatika ta tsufa cikin danginta, ɗa ya dawo da rawani, a yi guɗa, a rufe littafi. Bai yi haka ba. Ya ɗauki mutum biyu, jini ɗaya, ya bi da su hanya ɗaya, hamada ɗaya. Ɗaya ya faɗa hannun mai tausayi ya zama shaihu. Ɗaya ta faɗa hannun mayaudari ta mutu a ƙasar da ba ta san kowa ba. Ita ba ta gaza shi imani ba, ba ta gaza shi haƙuri ba, ta ma fi shi, don shi ɗaukarsa aka yi, ita da ƙafarta ta tafi. Bambancinsu kawai wanda ya saya. Marubucin ya ajiye su gefe da gefe ya yi shiru, ya bar ka ka yi lissafi. Mu ne muka ƙi yi. Shekara casa'in muna ƙirga shaihu ɗaya muna tsallake uwa, muna tsallake manoman da suka tsince shi, waɗanda daga ranar harin labari bai sake komawa kansu ba, muna tsallake mutanen Gwari na farkon labari da ko suna ba su samu ba.

Kuma wannan zancen ƙaddara da ake ta jefowa, a yi hattara da shi. Ba wanda ke musun ƙaddara a cikinmu. Amma ƙaddara ta'aziyyar wanda aka zalunta ce, ba takardar sallamar wanda ya yi zalunci ba. Shaihu yana da ikon ya ce haka Allah ya rubuta mini, don wuyansa aka sa wa igiya. Fadawan da suka yi wa Makau sharri ba su da wannan ikon. Alƙalin Murzuk ba shi da shi. Mu ma da ke zaune bisa tabarma muna shan shayi ba mu da ikon mu ara bakin Shaihu mu yafe a madadin uwarsa.

Wani zai ce to mi ya yi zafi, labarin Najeriya ne, labarin da ne. Haba jama'a. A Ɗan Issa ake faɗin haka?

Duk ayarin da zai tashi daga Kano zuwa Murzuk ko Tarabulus, ta cikin ƙasar da yau ake kira Nijar yake bi, ko ta Damagaram da Abzin, ko ta Bilma. Rairayin da uwar Umar ta taka namu ne. Dorugu, yaron nan da ya bi Bature Barth har Ingila a 1855, a ƙasar Damagaram aka kama shi aka sayar, shi ba ƙagaggen labari ba ne. Mu nan kuma, wannan ƙasar da muke nomawa tsakanin Maradi da Katsina, kusan duk ƙarni na 19 fagen yaƙi ce, tun da jihadi ya kori sarakunan Katsina suka zo suka kafa Maradi. Muna alfahari da Ɗan Baskore, maroƙa na kiran sunansa jikinmu na tsuma. To dawakin da suka fita suka dawo da ganima, mi kuke zaton ganimar? Buhun gero kaɗai? Dawakin Katsina da suka shigo nan fa, mi suka koma da shi? Kowane ɓangare ya kama, kowane ɓangare an kama masa. Cikinmu akwai jikokin masu igiya, akwai jikokin masu wuya, da yawa ma duka biyun ne. Har gobe in ana binciken aure akwai tsohuwar da za ta rage murya ta tambayi asali, kuma duk mun san abin da take nufi.

Ba kuma a ƙarni na 19 ya tsaya ba. Sai a 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka a dokarta. Hadijatu Mani, a 1996 aka sayar da ita tana da shekara 12, a kan jika 240, nan ƙasar Ƙonni. Da ta sami takardar ƴanci ta auri wanda take so, kotu ta yanke mata wata shida wai ta yi aure kan aure. Sai da ta kai har kotun CEDEAO, ranar 27 ga Oktoban 2008 aka ce ƙasa ta kasa kare ta, a biya ta miliyan 10. Ku ɗora wannan kusa da uwar Umar gaban alƙalin Murzuk ku gaya mini wanne ne tsohon labari. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. 52 yara ne, 33 mata, galibi daga wajen Kance. Su ma wani ne ya ce zai kai su.

Na gida kuwa ba sai na faɗa ba. Wa ke cikin gurup ɗin nan da bai san gidan da aka shiga da dare ba, a nan ko wajen Gabi, ko tsallaken iyaka wajen Jibiya? Wa bai taɓa sa hannu a aljihu ba lokacin da ake haɗa kuɗin fansa? Wa bai san wanda ya sayar da gona da shanun huɗa don ya karɓo matarsa ba? An daina kai mutum Tarabulus, yanzu ga danginsa ake sayar da shi, ta salula ake ciniki, ana taya ana ragewa. A Disamban 2020 an kwashi ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara cikin jihar Katsina. A Fabrairun 2021 aka shiga makarantar kwana a Kagara ta jihar Neja, garin da ke da suna ɗaya da mahaifar Umar, aka tafi da mutum 42, 27 ɗalibai ne. Lokacin da na ji sunan garin a rediyo ban ma haɗa shi da littafin ba, sai daren nan da na sake karantawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda labarin ya fara. Ba baƙo ne ya rusa gidan Makau ba, abokan zamansa ne, waɗanda suke cin tuwo tare. Yau ma kowa ya sani, mahara ba duba suke yi ba. Wani ne a gari ke gaya musu wane ya sayar da sa ranar kasuwa, wane ɗansa ya aiko da kuɗi daga Libiya, ga ƙofar da ba ta da sakata. Yaron da bai kai shekara 22 ba ya ga wannan a 1933 ya rubuta. Mu kuma an nuna mana a tele muna cewa a goge, kada yara su gani. Wane yaro? Yaran da ke kwana da takalmi a ƙafa? Yaran da aka taso daga ƙauyukansu suna zaune a gidajen dangi nan cikin gari? Su za a ɓoye wa cewa ana satar mutane?

Ni abin da nake tsoro ba fim ba ne. Ina tsoron irin son da muke yi wa littafin, son da ba ya buɗe shafi. Mun mai da Shaihu Umar kamar laya, a rataye a wuya, ba a karantawa. Mun ɗauki wanda ya tsira mun ce ga darasi, ku yi haƙuri kamarsa za ku ga alheri. Wannan darasi yana da daɗin faɗi ga wanda ƴaƴansa ke ɗaki suna barci. Je ka faɗa wa wanda ya biya fansa aka ba shi gawa.

Saboda haka ga abin da muka shirya mu ƴan fada. Daga Asabar mai zuwa bayan isha'i za mu riƙa karanta littafin a bayyane, kaɗan kaɗan, muna ɗauka muna sawa a shafin nan don na nesa da waɗanda ba su yi lakwal ba. Shafin farko na nawa ya ɓace, wanda ke da cikakke a Maradi ko Katsina ya taimaka. Ba za mu tsallake layi ko ɗaya ba. Kuma Baba, kujerar gaba taka ce, don duk garin nan ba wanda ya kai ka iya karatu a bayyane, mun shaida tun muna aji. Roƙona ɗaya, in an zo wajen Murzuk kai za ka karanta.

Akwai abin da ban faɗa a gurup ba, sai yanzu. Daren da aka nuna fim ɗin, akwai wata baiwar Allah mai tuyar awara kusa da fadarmu. Ba ƴar garin nan ba ce, tashin hankali ya kawo ta, kuma waɗanda suka san ta sun san akwai ɗanta da aka tafi da shi yau shekara biyu, an biya abin da aka iya, ba a sake jin komai ba. Tana tsaye bayanmu tana kallo tana juya awara. Da aka zo inda uwar ta fara bin gari tana tambaya, sai na ji mai ya daina ƙara. Na waiga, ta sauke kasko, ta kashe wuta, ta ɗauki tirenta da sauran awarar ta tafi. Raina ya ɓaci, na ce lalle Baba ya yi gaskiya, mun fama mata ciwo.

Washegari da la'asar na je in ba ta haƙuri. Kafin in buɗe baki ta ce, Malam, matar nan ta jiya, ta same shi kuwa? Na ce ta same shi Inna, amma sai da ya girma, kuma ba ta daɗe ba ta rasu. Ta yi shiru tana kallon kasko. Can ta ce, to ai ta gan shi. Sannan ta ce in tura mata fim ɗin a salular ɗiyarta, tana so ta kalli sauran ita kaɗai.

Na tura mata. Baba, in har yanzu kana ganin a goge, teburinta na nan inda ka sani, daga la'asar zuwa isha'i. Kai ka je ka gaya mata, ni ba zan iya ba.